Silinda takwas, shida ko batir: rigimar injin manyan a-kori-kurar Amurka da gaskiyar nauyin da suke ja

A watan Yunin 2025 kamfanin Ram na Amurka ya yi abin da kamfanonin mota ba su saba yi ba, ya fito fili ya ce ya tafka kuskure. Kafin nan ya cire tsohon injinsa mai silinda takwas, wanda ake kira Hemi, daga motarsa Ram 1500 samfurin 2025, ya maye gurbinsa da sabo mai silinda shida da turbo biyu, mai suna Hurricane. A takarda sabon ya yi wa tsohon fintinkau, domin ƙarfin doki 420 gare shi, Hemi kuwa 395 ne. Duk da haka masu saye suka yi ta guna-guni. Da aka dawo da Tim Kuniskis kan kujerar shugabancin Ram a Disambar 2024, bayan Carlos Tavares ya sauka daga shugabancin uwar kamfanin, Stellantis, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne maido da Hemi a samfurin 2026. Mai son sa zai ƙara dala 1,200. Kamfanin ya ce cikin awa 24 ya karɓi oda fiye da 10,000.

Abin da ya ja hankalina a wannan labari shi ne, Hemi bai fi Hurricane jan kaya ba. Dukansu suna tsayawa ne a wajen kilo 5,200, Hurricane ma ya ɗan ɗara. Ashe mutum zai ƙara kuɗi ya sayi injin da bai kai wanda aka ba shi ƙarfi ba, don kawai yana son rugugin da yake yi in an taka totur. Wannan ya isa ya nuna cewa hayaniyar da ake yi a kan injin da zancen jan kaya abubuwa ne biyu, ko da yake masu talla suna son a ɗauke su abu ɗaya.

Sai mu fara da girman motocin da ake magana a kansu, domin a wajenmu in an ce a-kori-kura, Hilux ce take faɗowa a zuciya. A Amurka ba a sayar da Hilux, kuma mota mai irin girmanta matsakaiciya ake ce mata. Manyan su ne Ford F-150, da Chevrolet Silverado 1500 tare da tagwaininta GMC Sierra, da Ram 1500, da Toyota Tundra. Mai ƙofa huɗu a cikinsu tsawonta ya doshi mita shida, nauyinta kuma ya haura tan biyu ba tare da an ɗora mata komai ba. Nissan ta gwada shiga wannan kasuwa da Titan, ta haƙura a 2024. Akwai wani tsohon haraji da ya taimaka wajen killace kasuwar: tun 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, Amurka ta ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan irin waɗannan motoci in daga waje aka shigo da su, ramuwar gayya kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Har yau harajin kaji ake kiransa. Shi ya sa ita ma Toyota a San Antonio ta jihar Texas take ƙera Tundra.

Me suke ja? Jiragen ruwa na shaƙatawa, ɗakunan kwana masu taya da iyali ke tafiya hutu da su, tirelar dawaki da ta shanu, ƙananan motocin haƙa ƙasa na 'yan kwangila. Da yawa kuma ba su taɓa jan komai ba sai dai su kai yara makaranta, amma wannan zance ne na daban.

A sha'anin jan kaya lambobi biyu ake duba wa injin. Na farko ƙarfin doki, wanda kowa ya sani. Na biyu ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da injin ke juya taya da shi tun yana ƙasa-ƙasa, kafin a ba shi wuta sosai. Bambancinsu kamar na dokin sukuwa ne da san huɗa. Doki zai tsere wa sa a fili, amma in aka ɗaura garma a ƙasa mai tauri, sa ne zai motsa ta. Mai tirela mai tan biyar da ya tsaya a kan hawa yana son tashi, san huɗa yake nema.

A nan ne turbo ya sauya lissafi. Aikinsa shi ne ya yi amfani da hayaƙin da injin ke fitarwa ya juya wata fanka, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Iska da yawa, mai da yawa, ƙarfi da yawa, daga ƙaramin injin. Ford ce ta fara yin wannan caca a 2011, lokacin da ta sa wa F-150 injin EcoBoost mai lita 3.5 da silinda shida. A lokacin mutane da yawa sun yi mata dariya. In ka jera injinan F-150 samfurin 2024, mai lita 5.0 da silinda takwas yana ba da ƙarfin doki 400, mai lita 3.5 shi ma 400, amma a ƙarfin murɗawa ƙaramin ya fi babban da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ne kuma yake riƙe da lambar jan kaya mafi girma ta wannan mota, fam 13,500, wato kilo 6,100 da ɗoriya. Akwai kuma batun tsauni. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 da aka hau, saboda iska tana yin sirara. A birnin Denver, mai tudun mita 1,600, asarar ta kai kusan kashi 15. Turbo yana cike mafi yawan wannan giɓi.

To me ya sa ba kowa ya rungume shi ba? Domin alkawarin ƙarancin shan mai yana cika ne in motar ba ta ɗauke da komai. Da zarar an ɗaura tirela mai nauyi, turbo ba ya hutawa, injin yana zuƙar mai kamar babba, zafi kuma yana taruwa a ƙaramin waje. Ga yawan kayan da za su iya lalacewa. Toyota, wadda ta yi suna da ƙarko, ta ajiye injinta mai lita 5.7 a 2022 ta koma mai lita 3.4 da turbo biyu, sai ga shi a 2024 ta kira a dawo mata da motoci kimanin 102,000 don gyara, Tundra da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, har ta ɗauki nauyin sauya injinan. Masu son silinda takwas suka ce dama mun faɗa. Ba su gama murna ba, a Afrilun 2025 General Motors ta kira motoci kusan 600,000 masu injin lita 6.2, mai silinda takwas ba turbo, saboda wasu suna bugawa. A ganina wannan ya rufe bakin kowa. Adadin silinda ba ya sayen ƙarko, aikin masana'anta ne yake saye.

General Motors ce ta fi kowa baza kaya a faifai. Silverado tana da injin mai silinda huɗu kacal, lita 2.7 da turbo, wanda ƙarfin murɗawarsa ya fi na mai lita 5.3 da silinda takwas da ke kusa da shi a jerin. Tana da mai lita 6.2. Sannan ita kaɗai ta rage da injin dizal a wannan aji, Duramax mai lita 3.0, bayan Ford ta ajiye nata a 2021, Ram kuma a farkon 2023. Lambarta mafi girma fam 13,300 ce, kilo 6,000 ke nan. In da ni ne mai jan tirela kowane mako a doguwar hanya, wannan dizal ɗin zan zaɓa, don shi ne ba ya sauya hali sosai wajen shan mai in an ɗora masa nauyi.

Game da abin da ke tafe kuwa, kamfanin General Motors ya riga ya nuna inda ya dosa da aljihunsa. A Mayun 2025 ya sanar da zuba dala miliyan 888 a masana'antarsa ta Tonawanda, kusa da Buffalo a jihar New York, domin ƙera ƙarni na shida na injinsa mai silinda takwas, wanda asalinsa ya faro tun 1955. A 2027 ake sa ran fara fitar da shi daga can. Shekaru kaɗan da suka wuce wannan kamfani yana maganar daina ƙera ƙananan motoci masu fetur nan da 2035. Siyasa ta taka rawa a wannan juyi: dokar da majalisar Amurka ta zartar a Yulin 2025 ta soke tarar da ake ci wa kamfanin da motocinsa suka wuce ƙa'idar shan mai, ta kuma kawo ƙarshen rangwamen dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki daga ƙarshen Satumba. Da aka cire bulala, kowa ya koma ga abin da ya fi kawo masa riba.

Yanzu bari mu zo kan lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a allon talla. Da can kowane kamfani shi ke gwada motarsa yadda ya ga dama, ya faɗi abin da ya so, kamar ɗalibin da ke yi wa kansa makin jarrabawa. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ma'auni ɗaya mai lamba J2807. Toyota ce ta fara bi a 2011, sauran suka biyo baya da samfuran 2015. Gwajin da ya fi shahara a ciki shi ne hawan Davis Dam a jihar Arizona: hanya mai tsawon kilomita 18 da ke hawa kusan mita 900, a ranar da zafi bai gaza maki 38 ba, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne har ƙarshe. Dole motar ta ja tirelar har ƙoli ba tare da gudunta ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa ba, ba tare da injin ya yi zafi ko wata fitilar gargaɗi ta kama ba. Akwai kuma gwajin tashi daga tsaye a kan hawa mai tsini sau biyar cikin minti biyar, da gwajin birki, da na yadda tirela ke lilo a kwana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a watan Afrilu yana jiran lagireto ya huce zai gane hikimar wannan gwaji. Abin da ke kayar da mota a jan kaya ba rashin ƙarfi ba ne yawanci, zafi ne. Shi ya sa in ka biya kuɗin tsarin jan kaya na musamman da kamfanonin ke sayarwa, ba sabon injin ake ba ka ba. Ana ƙara maka abin sanyaya injin da man giya, da ƙugiya mai ƙwari, da na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota, sannan a sauya haƙoran da ke juya tayoyin baya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ram mai lambar haƙora 3.21 da mai 3.92 injinsu ɗaya ne, amma ta biyun tana jan abin da ya fi na farkon nesa ba kusa ba, sai dai ta fi shan mai a kan titi. Kamar mai keke ne da ya sauya giya zai hau tudu, ƙafarsa ba ta ƙara ƙarfi ba, juyin ne ya ƙaru.

Amma ko da ma'aunin gaskiya, akwai inda gizo ke saƙa. Lambar talla ta mota ɗaya ce tak a cikin ɗimbin haɗe-haɗen da ake sayarwa: injin kaza, gida kaza, bodi kaza, haƙora kaza, yawanci mai jan taya biyu, ba tare da kayan alatu ba. Ma'aunin kuma yana ɗauka mutum biyu ne kawai a ciki, kowanne kilo 68. Motar da yawancin mutane ke saya, mai ƙofa huɗu da jan taya huɗu da kujerun fata da rufin gilashi, ba ita ba ce.

Ga kuma lamba ta biyu da ba a cika tallata ta ba, wadda a ganina ita ce uwa uba: nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Tirela ba jan ta kawai ake yi ba, tana kuma danna bayan mota da hancinta. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan ƙugiya. In ya gaza haka, tirela za ta fara lilo a kan gudu har ta iya kifar da motar. In ya wuce, gaban motar ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba ya rage kamu. Wannan nauyi kuma daga kason lodin motar ake cire shi.

Mu yi lissafi. A ce motarka an rubuta tana jan kilo 5,500, lodinta kuma kilo 700, wanda ba baƙon abu ba ne ga mai kayan alatu. Ka ɗaura tirela mai kilo 4,000, kana ganin kana da sauran rara mai yawa. Kashi 12 na 4,000 shi ne 480. Ƙarfen ƙugiya ya ci kamar 40. Saura 180. Kai da maiɗakinka kun kusa cinye shi, ba a sa yara ba, ba a sa jaka ko ɗaya ba. Injin bai ko yi gumi ba, amma sifirin da tayoyin baya da birki sun riga sun kai maƙura. Don haka a aikace, mai iyali da wuya ya taɓa isa ga lambar talla, ko wane injin ya zaɓa. Har ma akan samu injin da ya fi ƙarfi ya rage lodi, saboda shi kansa ya fi nauyi. F-150 mai haɗin fetur da batir, PowerBoost, ta fi mai lita 3.5 zalla ƙarfin doki da na murɗawa, amma lambar jan kayanta ba ta kai ta waccan ba. Abin da take da shi na daban shi ne wutar da take bayarwa, har kilowat 7.2, daidai da babban janareta na gida. A Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da wutar Texas, akwai waɗanda suka jona gidajensu da ita. Ba sai an yi wa mai karatu a Kano ko Zinder dogon bayani kan amfanin wannan ba.

Motocin lantarki zalla kuwa, a nan jan kaya ya tona musu asiri. Ƙarfi ba shi ne matsalarsu ba, domin injin lantarki yana ba da duk murɗawarsa tun daga juyin farko. F-150 Lightning da ta fito a 2022 tana jan kilo 4,500 cikin sauƙi. Matsalar guzuri ce. Babban batirinta mai kilowat-awa 131 yana ɗauke da makamashin da bai wuce na lita 15 na fetur ba, alhali babban tankin F-150 yana cin lita 136. Lantarki ya fi fetur tsimi sosai, shi ya sa wannan ɗan guzuri ke kai ta kilomita 500 in ba kaya. Amma doguwar tirela mai tare iska tana raba tafiyar kowace mota kusan biyu. Mai fetur ya tsaya minti biyar ya cika tanki, mai batir kuwa sai ya nemi wurin caji, sau da yawa ya kwance tirelar tukuna domin wuraren ba a yi su don mota mai jela ba, ya jira, ya sake ɗaurawa.

Kamfanonin sun karanta wannan darasi da tsada. A Satumbar 2025 Ram ta soke motarta mai batir zalla tun kafin ta shiga kasuwa, ta ba da sunan Ram 1500 REV ga wata da a da ake kira Ramcharger. A Disamba Ford ita ma ta sanar da daina ƙera Lightning mai batir zalla, ta ce mai zuwa za ta bi irin wannan tsari. Tsarin kuwa ba sabo ba ne ga wanda ya san jirgin ƙasa mai dizal: injin ba ya taɓa taya, janareta kawai yake juyawa, wutar ta tafi batir da injinan lantarki, su ne suke ja. A motar Ram, injin fetur mai lita 3.6 ne zai juya janareta, ga batir mai kilowat-awa 92. Kamfanin ya yi alkawarin tafiyar mil 690, kimanin kilomita 1,100, da jan fam 14,000, wato kilo 6,350, lambar da ta fi ta kowace mota mai fetur a ajin. Ford ta ce tata za ta wuce mil 700. A cikin duk abin da ke tafe, wannan ne kaɗai nake ganin sabon abu ne na gaske. Sai dai ina jiran in ga yadda za ta yi a doguwar hawa bayan batir ya yi ƙasa, lokacin da janareta shi kaɗai zai riƙe nauyin mota da tirela da ya haura tan tara.

Wanda aikinsa ya wuce tan biyar a kai a kai, dama ba wannan aji ne nasa ba. Akwai na sama da shi, irin su Ford Super Duty, da Ram 2500 da 3500 masu injin kamfanin Cummins, da Silverado HD. Can dizal ne sarki, mai lita 6.6 ko 6.7, kuma manyan tireloli ana ɗaura su ne a tsakiyar bodi, daidai saman tayoyin baya, ba a wutsiya ba. Ford F-450 tana kaiwa fam 40,000, tan 18, nauyin da in na kasuwanci ne sai da lasisin direban babbar mota.

Waɗannan motoci sukan iso mana bayan wasu shekaru ta Kwatano ko Legas, musamman Tundra da F-150, don haka akwai abin da mai saye zai sa a rai. Dizal na Amurka an gina shi ne a kan mai tsaftatacce ƙwarai, wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, kuma yana buƙatar wani ruwa na musamman da ake zuba masa don tace hayaƙi. In ruwan ya ƙare, kwamfutar motar da kanta za ta rage mata gudu. Turbo ba ya yafe wa mai jinkirin juye baƙin mai. F-150 kuma tun daga samfurin 2015 bodinta na alminiyum ne, ba kowane mai gyaran bodi ne ke da kayan waldarsa ba. Kafin a biya kuɗi, a buɗe ƙofar direba a duba jikin ginshiƙin. Akwai wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da fari da aka manna tun daga masana'anta, an rubuta iskar taya, an kuma rubuta jimillar nauyin mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta ɗauka, a kilo da fam. Daga wannan lambar ake cire nauyin hancin tirela, da na direba, da na duk wanda zai hau.